Yaya Hajara ta Tagulla

Ranar wata Laraba ce, mako biyu bayan ƙaramar Sallah ta shekarar 2018, kwana tara da cire mini yanar ido a Dubai. 'Yata Rabi, wadda ke aiki a wani ofishin kago, masu aika kaya ƙasashe, a Al Khabaisi, ta ce likita ya yarda in fita, don haka ta ɗauki hutun rabin yini ta kai ni kasuwar Naif in zaɓi mayafan tsaraba. Zafin garin nan a wannan lokaci ba a magana, iskar kamar daga bakin wutar maƙera take fitowa. Muna gamawa da masu mayafai gwiwata ta ce ba ta ƙara taku ɗaya, sai muka faɗa wani shago a ƙarshen layi don kawai mu sha sanyin na'ura. Shagon tsofaffin kaya ne, agogunan bango da fitilu masu sarƙa da madubai, ga mutum-mutumi na tagulla jere a kan tebura. Akwai mace riƙe da ma'auni an ɗaure mata ido, akwai wata da lauje da damin alkama, akwai Balarabe a kan raƙumi, akwai wani baƙin mutum mai rawani yana busa sarewa. Na kau da kai, don ni ko na roba ban taɓa yarda an ajiye mini a ɗaki ba. Amma ni 'yar maƙera ce, idona ba ya wuce ƙarfe bai duba aikin ba. A can kusurwa akwai wata, tsayinta bai fi kamu biyu ba, mace da tulu a kafaɗa. Ba da fuskarta na fara ba. Munduwar hannunta na fara gani, murɗi uku, kowane baki an naɗe shi kamar kan ƙadangare. Mutum ɗaya na sani a duniya mai gama munduwa haka, shi ne ubana. Na ɗaga ido a hankali. Kunnen hagu a tsage, zane uku-uku a kumatu. Yayata Hajara ce, wadda rabona da ita ya haura shekara hamsin, tsaye a kasuwa babu komai a jikinta daga cibiya zuwa sama.

Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata surorin salla. Rabi ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na ce in ta gama ta karanta mini, in na ji ta ƙara gishiri za ta sake.

A Damagaram aka haife ni, cikin Birni, a gidan maƙeran fari. Mu ba ma ƙera fartanya ko gatari, wannan na maƙeran baƙi ne. Namu tagulla ce da azurfa, mundaye da zobba da 'yan ƙararrawa da ake ɗaura wa yaro mai koyon tafiya. Gidanmu yana jingine da wani ƙaton dutse irin na garin, wanda da hantsi akuyoyi ke hawa, da yamma mu yara mu kore su mu hau. Zaure biyu ne. Na farko na baƙi, na biyu shi ne maƙerar Baba, Malam Illo, rufinsa ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ƙasansa kullum da ɗumi ko da ba a hura wuta ba. Daga nan sai tsakar gida, da rumbuna biyu na gero, da turken awaki, da bishiyar kurna da ta ba mu inuwa ta kuma cika mana ƙafa da ƙaya. Inna, mahaifiyarmu, tana sayar da fura, saboda haka turmi ba ya hutawa a gidanmu tun daga asuba. Ranar da masu rubuta yara don lakwal, wato makaranta, suka shigo unguwa, a ɗaya daga cikin rumbunan nan Inna ta jefa ni ta rufe, na wuni cikin zangarniya ina atishawa a cikin zane. Iyakar abin da ya haɗa ni da karatun Nasara ke nan.

Tun ina ƙarama aikina tsaro ne. In an shanya tsaba ni ce mai korar kaji, in gero ya fara ido a gona ni ce mai gwangwani da duwatsu a kan rumfa, in Baba ya ajiye kakin zuma ni ce mai lura kada rana ta taɓa shi ko ɓera ya ɗanɗana. Ba na barci a bakin aiki kuma ba na rufa wa kowa asiri. Wanda ya lashi nono, wanda ya saci gyaɗa, wadda ta tsaya hira a bakin rijiya, duk kafin su iso gida labari ya riga su. Yaran unguwa suna ce mini Idon Inna, in ana gaɗa da hasken la'asar sai su yi shiru in na matso. Bai dame ni ba. Na fi son carafke, wasan da ba ya bukatar kowa sai ido da hannu.

Wani aikin nawa shi ne tsintar kashin jaki a bakin kasuwa, ina kawo shi a tsohuwar ƙwarya ana yi mini dariya. Da shi Baba ke kwaɓa yumɓun zubi. Ga yadda yake yi, don in ba ku gane wannan ba ba za ku gane sauran ba. Zai gasa kakin zuma a hannu har ya yi laushi, ya murɗa shi ya fitar da munduwa sak yadda yake son ta. Sai ya shafe ta da yumɓu mai laushi da aka haɗa da garin gawayi, ya bari ya bushe, ya ƙara wani mai kauri mai kashin jaki, har ta zama dunƙule kamar curin fura, da 'yar ƙofa guda a sama. Wannan dunƙulen shi muke kira gida. In ya bushe sai a sa shi a wuta, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa a ciki. Sannan a narka tagulla a 'yar tukunya, Baba ya kama ta da awartaki ya tsiyaya a ƙofar, bakinsa yana motsi da bisimilla. In ya huce, babu wata hanyar fitar da munduwa sai an fasa gidan da guduma. Mu yara mu kwashe ɓaraguzan mu yi tukwanen wasan girki da su. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai ajiye gidan ya sake zubawa ba, sai ya ce: "Gidan da aka buɗe ya mutu, Zulai. In kina son ta biyu, sai a koma wa kaki daga farko." Haka ubansa ya yi, haka kakansa, kuma duk Birni babu maƙerin da ya san wata hanyar.

Yaya Hajara ta girme ni da fiye da shekara goma sha biyu. A lokacin da nake ba da labari ta haura ashirin, ta yi aure, mijin ya rasu da zazzaɓi ba su haihu ba, ta gama takaba ta dawo gida. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma ban taɓa ganin mai kunya irinta ba. Ba ta cin abinci a gaban mutane. In za ta yi dariya sai ta sa bakin mayafi ta rufe baki. Ko ni da muke kwana ɗaki ɗaya, in za ta sauya zane sai ta ce in juya in kalli bango, in ƙirga awakinmu da sunayensu. Ita ke yi mini kitso duk Juma'a, hannunta ba ya ja, kuma ita kaɗai ce a gidan da ba ta kirana Idon Inna, sai dai ta ce Auta. Kunnenta kuwa a gabana ya tsage. Mun je itace bayan gari, ƙaya ta kama ɗan kunnenta, ta ja ba ta sani ba. Jini yana zuba har wuya, amma ba ta ce wayyo ba, ta yagi bakin zane ta ɗaure, ta ɗauki damin itacenta. Da muka iso gida ni na faɗa, ita ba ta faɗa ba.

Bayan kaka na wata shekara, ina da kamar shekara tara, tun Faransa na mulki, wani Nasara ya zo maƙerarmu tare da tafinta. Baƙon kumandan ne, Nasaran da ke mulkin garin, aka ce daga ƙasarsu ya zo yana yawon ganin mutane. Dogo ne mai jan gemu, kuma abin da ya ba mu mamaki, farcensa cike da laka kamar na mai ginin tukwane. Muka sa masa Mai Laka. Kwana uku yana zuwa ya zauna a kan kifaffen turmi yana kallon Baba, ba ya tsoron hayaƙi, ba ya toshe hanci da kashin jaki. Baba ya ga mutumin ya san ƙarfe, don tun kafin a ce tagulla ta nuna yake ɗaga yatsa in ya ga launinta ya juya. Su biyu suka riƙa magana da hannu suna dariya, tafinta yana gefe yana hamma. Ban taɓa ganin Baba ya sake da baƙo haka ba. A rana ta uku Yaya ta ratsa zaure da tulu a ka, ta dawo daga rijiya. Mai Laka ya daina kallon wuta. Na gani, kuma na faɗa wa Inna kafin a sauke tulun.

Kashegari tafinta ya dawo shi kaɗai. Ya ce baƙon kumandan yana son ya gina siffar Hajara da laka, za ta riƙa zuwa bariki da safe tana tsayawa. Baba ya ce Allah ya kiyaye, 'yarsa ba abin kallo ba ce, kuma musulmi ba ya ba da ɗansa a yi gunki. Tafinta ya gyara hularsa ya ce: "Malam Illo, wannan fa ba roƙo ba ne, ladabi dai aka yi maka aka aiko ni." Kowa ya san abin da ke bayan wannan magana, don a shekarun nan wanda ya ƙi kumandan yakan tsinci kansa yana fasa dutsen hanya. Baba ya kwana biyu bai hura wuta ba. Ya je wurin limamin unguwa, liman ya ce in dai za a rushe abin bayan an gama, to bai wuce shanun laka da yara ke ginawa a bakin tafki ba. A kan haka Baba ya kafa sharaɗi biyu: za ta tsaya da tufafinta, ƙanwarta tana kallo, kuma ranar ƙarshe a fasa lakar a gaban ƙanwar. Mai Laka ya yarda nan take, har da dafa ƙirji. Ita Yaya ba wanda ya tambaye ta. Ta zauna bayan rumbu tana tsince wake.

Da safen farko Inna ta kama kunnena ta ce: "Idonki a kan zanenta. In ya taɓa ta ko da ɗan yatsa, ki kwarma ihu har a ji a unguwar Zango." Baba kuma ya ce: "Ranar ƙarshe ki ga an fasa da idonki, ba a ce miki an fasa ba." Na ji kaina ya yi girma. Ban taɓa samun tsaro mai nauyin wannan ba.

Kwana goma muka yi muna zuwa. Ɗaki ne mai faɗin taga a bayan gidan kumandan, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da taba. Mai Laka ya ba Yaya tulu marar ruwa ya ce ta ɗora a kafaɗa. Yaya ta ce wa tafinta, cikin ƙaramar murya, babu 'yar Damagaram da ke ɗaukar tulu a kafaɗa, a ka ake ɗauka da gammo. Mai Laka ya yi dariya ya ce haka ya fi kyau. To haka ta tsaya, hannu ɗaya a sama har ya sage, da baƙin zanenta na saƙi ɗaure har hammata, da mayafi a ɗaya kafaɗar. A rana ta biyu ya nuna da hannu a sassauta zanen ya sauka. Sai ta ajiye tulun a ƙasa ta nufi ƙofa. Ya bi ta da ban haƙuri, yana haɗa tafin hannu, kuma bai sake tambaya ba. Gaskiya ɗaya ce, zan faɗe ta ko da ba ta yi mini daɗi ba: mutumin nan bai taɓa ta ba ko sau ɗaya. Daga nesa yake auna ta da wani ƙarfe mai baki biyu, ya rufe ido ɗaya, ya koma wa lakarsa. Ni kuwa ina tsugune a bakin ƙofa ko ƙiftawa ba na son yi. Yakan miƙo mini sukari mai ƙwaya, in ƙulle a bakin zane in kai wa Inna ta duba tukuna. A gabana laka ta zama ƙafa, ta zama wuya, ta zama tsagaggen kunne. Ya gina munduwar Baba murɗi uku bai kuskure ba. Kuma ya gina zanen, har hammata, da ƙullinsa. Wannan na gani da idona, in an tashe ni ranar lahira haka zan faɗa.

A rana ta tara ya ce Yaya ta huta. Ya soka wasu 'yan falle-fallen gwangwani a jikin lakar, daga ka har ƙafa ta gefe da gefe, ya kwaɓa wani farin gari da ruwa ya yi ta yaɓa mata har ta ɓace, ta zama kamar farin suri. Kashegari abin ya yi tauri. Ya sa ƙarfe a inda gwangwanin yake ya ɓamɓare, farin ya rabu biyu kamar an fafe ƙwarya. Lakar da ke ciki ta ɗan lalace, hanci ya gutsure. Ya ɗauke ta, ya dube ni, ya ɗaga ta sama ya maka da ƙasa, ya tattake, ya kwashe ya zuba a daro ya tuttula ruwa. Tafinta ya ce: "Kin gani ko, 'yar sanda? Je ki kai rahoto." Yaya ta sauke wani numfashi da na ji har bakin ƙofa. Ina fita na ga Mai Laka yana naɗe fararen ɓawon nan biyu da ciyawa yana sa su a akwatin katako.

Ban ɓoye ba. Na samu Baba a maƙera na faɗa masa komai, fasawar da daron da ruwan, har da farin ɓawon da akwatin. Ya ajiye magagari ya dube ni.

"Ɓawon nan, a rufe yake ko a buɗe?"

"A buɗe, Baba. Gida biyu."

"Akwai kaki a ciki?"

"Babu komai."

"To ya mutu," in ji shi. "Ko tsaba ba zai riƙe ba, balle narkakken ƙarfe. Bar shi ya kai wa matarsa ta zuba gishiri."

Ya yi dariyar da ya kwana goma bai yi ba, ya sa Inna ta dama fura aka yi sadaka, aka rufe maganar. Ni ma na yarda, don in ana maganar zubi wa ya fi Malam Illo sani? Yaya ta yi mini kitso a ranar ko da ba Juma'a ba ce.

Bayan shekara biyu ta auri wani malami mai niyyar Makka, suka bi hanyar gabas ta ƙasa, yadda mutane ke yi a da, ana tafiya ana tsayawa ana noma. Saƙo biyu muka samu ta bakin matafiya, ɗaya daga garin Lami, ɗaya daga wani gari a Sudan, daga nan shiru. Ba mu san ko ta isa ba, ba mu san inda kabarinta yake ba. Inna ta rasu tana tambayar duk wanda ya dawo daga gabas. Ni aure ya kai ni Kano, Fagge, na haifi tara na binne uku. Babu hoton Yaya ko ɗaya a duniya, kuma a hankali fuskarta ta riƙa zame mini. Ina tuna kunnen, ina tuna zanen kumatu, amma bakin da idon sun tafi, har na kai in na yi mafarkinta daga baya nake ganinta.

Wannan fuskar ce ta dawo mini a shagon Naif, gaba ɗayanta, har da yadda take sunkuyar da ido in ana kallonta. Ban san sanda na zaro sabon mayafi daga leda na yafa mata ba. Mai shagon, wani dattijo mai farin gashi da tabarau, ya taso da sauri yana cewa, "Mama, shwayya, shwayya," wato in bi a hankali. Rabi ta riƙe mini hannu.

"Hajiya, don Allah, kayan mutane ne fa."

"Kayan mutane? Yayar uwarki ce tsaye tsirara a kasuwa, kina ce mini kayan mutane."

Ta ɗauka zafi ne ya taɓa ni. Sai da na nuna mata munduwar hannuna, aikin Baba, wadda ta san ban taɓa cirewa ba, na ɗaga bakin mayafin ta gwada da ta tagullar. Sai ta juya ta yi wa mutumin magana da Turanci mai tsawo. Dattijon ya cire tabarau, ya kawo mini kujera da shayi. Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya juya gindin abin ya nuna mana sunan wanda ya gina, an karce shi a ƙarfen, da wani hatimi zagayayye na gidan da aka zuba a Faransa. Ya ce a can mai ginawa daban, masu zubawa daban, gida ne guda na ma'aikata, wasu na kaki, wasu na wuta, wasu na gogewa. Ya ce farin ɓawon nan da na gani shi ne asalin dukiyar. A cikinsa ake zuba wani farin a fitar da siffar kamar yadda take, mai ginin ya gyara abin da yake so, ya ƙara ya rage, sannan a yi ta fitar da kaki daga gare ta. A gaba kuma akwai ɗan rubutu. Na ce Rabi ta tambaya ko sunan Yaya ne. Ya ce a'a, an rubuta Maɓuɓɓugar Ruwa, kamar yadda mai ma'aunin can ake ce mata Adalci, mai laujen kuma Kaka. Ya ce ai ba wata mace ake nufi ba, ma'ana ce. Na ce Rabi ta faɗa masa ma'anar nan tana da uwa da uba, kuma ita ke yi mini kitso.

Ashe can Mai Laka ya je ya cire zanen. Jikin da ya sa mata ba nata ba ne, don bai taɓa gani ba, ni shaida ce. Na wata ne, ko na babu kowa. Amma fuskar tata ce, kuma duk wanda ya kalla zai ce haka ta tsaya a gaban namiji.

Na ce Rabi ta tambayi kuɗin. Da ya faɗa na ga fuskarta ta sauya, amma ban damu ba. Ina da gwal, ina da fili a bayan Kano. Tun ina kan kujerar na gama shirina: in saya, in sa a kago, in na isa gida in naɗe ta da likkafani in sa a haƙa rami a cikin gidana, ta samu suturar da aka hana ta da kabarin da ba mu san inda yake ba. Rabi ta faɗa masa. Dattijon ya sa yatsa a kan wasu ƙananan lambobi kusa da hatimin ya yi magana a hankali. Rabi ba ta fassara ba.

"Me ya ce?"

"Hajiya, mu tafi gida, rana ta yi."

"Rabi, ni na haife ki. Me ya ce?"

"Ya ce guda goma sha biyu aka zuba. Wannan ta bakwai ce."

Na tambayi inda sauran suke. Ya buɗe tafin hannuwansa biyu. Wata ƙila a Faransa, wata ƙila a Amerika, a falon wani, a bakin matattakalar wani otal, ba wanda ya sani. Na zauna da shayin a hannu har ya huce.

Na koma sau biyu. A zuwa na biyu ya bar mayafin a jikinta duk tsawon zamana, ya kuma kau da masu saye zuwa wani gefen. Na zauna ina kallon fuskar, ina yi mata labarin Inna da Baba da 'ya'yana a cikin zuciya. Ni da ban taɓa yarda a ɗauke ni hoto ba sai na fasfo, na ce Rabi ta ɗauka da wayarta, daga wuya zuwa sama, na kuma duba da kaina na tabbatar ko kafaɗa ba ta fito ba. Maganar saye kuwa na yi ta juya ta. In na binne ɗaya, goma sha ɗaya fa? Kafin in gama juyawa, a zuwa na uku, kusurwar ta zama wayam, an ajiye agogo a wurin. Wani ya saya don gidan hutunsa a wajen Hatta. Dattijon ya miƙo mini mayafina a ninke cikin takarda, ya ce, "Khalas, Mama," wato ta ƙare, bai iya haɗa ido da ni ba.

Saura mini mako ɗaya biza ta ƙare in koma Kano. A zamaninmu duniya iyakarta ganuwar Birni. In wani ya ci mutuncin 'yar gidanku kun san zaurensa, kun san sunan uwarsa, dattawa su sa takalmi su je, kafin magariba an yi ta ta ƙare. Yanzu ina zaune a hawa na tara a gidan Rabi, filin jirgi yana kusa, daga tagar falo ina ganin jirage suna tashi ɗaya bayan ɗaya, ba sa hutawa. Rabi ta ce babu garin da ba sa zuwa. Kowanne na bi da ido sai in ce wata ƙila wannan zai sauka a garin da take tsaye, mutane suna wucewa ta gabanta da kofin shayi. Ina da ƙafa, ina da fasfo, ina da 'ya mai jin Turanci. Ƙofar da zan ƙwanƙwasa ce ban sani ba.